Injin Yankan Itace da Ya Sha Ajiya: Abin da Nake Gani a Teburin Gyara

Sana'ata gyaran ƙananan injuna ce a nan Jos, kuma mafi yawan abin da ake kawo mini injin yankan itace ne mai sarƙa. Daga ƙarshen Oktoba, da ruwa ya ɗauke hanyoyin daji suka bushe, sai masu yankan katako su fara zaro injunansu daga ƙarƙashin gado da bayan ƙofa. Maganar da suke zuwa da ita kusan ɗaya ce: "Maigida, wallahi lafiya ƙalau na ajiye shi." Ba na musu da su, don gaskiya suka faɗa. Lafiya ƙalau aka ajiye shi, amma da fetur a cikinsa, kuma a nan matsalar take. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da hannuna ya saba da shi, bi da bi yadda nake bin injin idan an ajiye mini shi a kan tebur.

Roƙona na farko, a bar sukudireba a aljihu. A jikin kabureta akwai ƙananan kusoshi uku, an rubuta L da H, na ukun kuma LA ko T. Duk injin da ya zo mini an riga an murɗa su, aikinsa ya ninka, saboda yanzu cuta biyu nake nema: wadda ajiya ta kawo da wadda mai shi ya ƙara. Kusoshin nan ba sa juya kansu a cikin ɗaki. In an ajiye injin yana aiki daidai, saitinsu daidai yake har yau, wani abu ne dabam ya canza.

Abin da ya canza, galibi, mai ne. Fetur haɗin abubuwa ne da yawa, wasu masu sauƙi da saurin tashi, wasu masu nauyi. Masu sauƙin su ne ke kama wuta da sanyin safiya, kuma su ne ke fara gudu ta hancin tanki, wato ɗan ramin shan iskarsa. Abin da ya rage sai ya haɗu da iska ya yi kauri, ya koma wani danƙo mai launin shayi da warin tsohon fenti. Ga kuma damunar Jos, wadda ke ɗaukar kusan wata shida daga Afrilu zuwa Oktoba: tankin da ba a cike yake ba yana shaƙar iska mai laima da dare, laimar ta zama ɗigon ruwa ta kwanta a ƙasan mai, daidai inda matatar mai take zuƙa. Kamfanin Stihl da kansa yana cewa kada a riƙe fetur da aka gauraya da man inji fiye da kwana 30. Mu kuwa muna barinsa wata biyar. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin ya ƙaru, don babu mai son zubar da ko rabin lita, sai a ce a ƙara sabo a kan tsoho. Sabo a kan tsoho bai taɓa gyara tsoho ba. Ku juye shi duka a cikin farar kwalba, ku bar shi ya natsa minti biyar, ku ɗaga ta a rana. In akwai ruwa za ku gan shi a ƙasa ya ware kansa. A wanke tankin da ɗan sabon fetur, a girgiza, a zubar, sau biyu.

Haɗin sabon mai yana son awo, ba ido ba. Injunan Stihl da Husqvarna na zamani, da man 2T mai kyau (man injin da aka yi don gaurayawa da fetur), 50 da 1 ake yi musu, wato mililita 20 a kowace lita, mililita 100 a jarkar lita 5. Yawancin na ƙirar Sin an rubuta musu 25 da 1, wato mililita 40 a lita. A duba abin da aka rubuta a jikin injin ko a takardarsa. Sirinji mai cin mililita 20 da ake samu a kowane kemis ya fi murfin gora gaskiya. Man injin mota ba ya cikin lissafin nan, domin ba a yi shi don ya ƙone ba, toka yake bari a kan fistin da bakin salansa. Fetur ɗin kuma a saya a gidan mai in da hali. Na 'yan bumburutu ba a san kwanansa a jarka ba, balle abin da aka ƙara masa.

Kafin a ja igiya da ƙarfi, a ja ta a hankali a ji. In ta ƙi motsi, kada a tilasta mata. A kwance fulogi, a ɗiga man 2T kamar rabin ƙaramin cokali a ramin, a bar shi ya kwana, washegari a sake gwadawa. In ta motsa, akwai gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki: a ɗaga injin ta hannun igiyar tayarwa a sake shi. Injin da ke da ƙarfin matsi zai riƙe kansa ko ya riƙa sauka da tsaye-tsaye, gif, gif. Wanda ya zube ƙasa sululu, matsinsa ya tafi. Mai ma'auni zai ga lafiyayyen inji yana ba da kamar psi 130 zuwa 160 (psi awon ƙarfin matsi ne), wanda ya faɗi ƙasa da 100 kuwa da wuya ya tashi ko an sa masa sabuwar kabureta. Manyan injuna irin su Stihl 070 suna da maɓallin rage matsi a kan silinda, a tabbata a rufe yake kafin a yanke hukunci.

Sai wuta. A cire fulogi, a mayar masa da hularsa, a manna gindinsa a jikin ƙarfen silinda nesa da ramin, a ja igiya a inuwa. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. Tazarar bakin fulogi rabin milimita ce, 0.5. Fulogin da ya yi baƙi ya jiƙe, ko farin tangaran ɗinsa ya tsage, a canza shi kawai, ba shi da tsada. NGK BPMR7A ko Bosch WSR6F suna shiga injuna da yawa, sai dai jabu sun cika kasuwa, kuma jabun fulogi yakan ba da wuta a waje ya ƙi bayarwa a ciki inda matsi yake. In babu wuta sam, a zare siririyar wayar da ta taho daga makunni zuwa kwayil, mai ba fulogi wuta, a sake gwadawa. In wuta ta dawo, makunnin ne ya yi tsatsa ko ɓera ya ci wayar ta taɓa jiki. Kwayil ba kasafai yake mutuwa don an ajiye shi ba, amma shi ake fara ɗora wa laifi a saye sabo a banza. Tazarar da ke tsakaninsa da maganaɗisun filawil, faifan da igiya ke juyawa, kusan milimita 0.3 ce, kaurin katin gayyata.

Gwajin da ke raba gardama shi ne wannan. A zuba sabon haɗin mai kamar rabin ƙaramin cokali a ramin fulogi, a ɗaure, a ja ba tare da cok ba. In injin ya tashi ya yi daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, ya gaya muku komai: wuta lafiya, matsi lafiya, mai ne ba ya isowa. Daga nan ba sauran yawo, hanyar mai za a bi daga tanki zuwa kabureta. Akasin haka ma yana faruwa, mai ya yi yawa. Mutum ya rufe cok ya yi ta ja sau talatin, injin ya yi tarinsa na farko bai ji ba, ya ci gaba da ɗura masa mai har fulogi ya jiƙe sharkaf. Ƙa'idar ita ce, da ya yi tari sau ɗaya a buɗe cok. In ya riga ya sha mai, a kashe makunni, a cire fulogi, a kifa injin, a danne totur a ja igiya sau goma zuwa sha biyar, a shanya fulogin a mayar, a tayar da cok a buɗe.

A cikin tanki akwai matatar mai a ƙarshen tiyo, tana yawo da nauyinta don ta bi mai duk inda aka karkata injin. Da lanƙwasasshiyar waya ake kamo ta. In ta yi ruwan ƙasa ta yi santsi, a jefar, wanki ba ya dawo da ita. Tiyon kansa a lanƙwasa shi a duba, musamman inda ya ratsa bangon tanki. Tsohon mai yana busar da shi ya tsattsage, ko ya narkar da shi ya yi laushi kamar cingam har ya manne idan kabureta ta zuƙa. Tsaga ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta sa injin ya riƙa shan iska a madadin mai. Akwai kuma hancin tanki, ɗan ƙaramin abu da ke barin iska ta shiga ta maye gurbin man da aka sha. Alamar toshewarsa ba ta ɓuya: injin zai yi aiki minti biyu ko uku ya shaƙe ya mutu, a buɗe murfin tanki a ji "fuss", a rufe, ya sake tashi kamar ba shi ba.

Yanzu kabureta, inda na fi daɗewa. Ta injin yankan itace ba irin ta babur ko janareta ba ce, ba ta da kwano da abin da ke iyo a ciki, tunda dole ta yi aiki a kife, a kwance, a tsaye. Ko ƙirar kamfanin Walbro ce, ko Zama, ko Tillotson, tsarin ɗaya ne: fatu biyu na roba masu laushi, ɗaya a kowane gefe. Ta gefe ɗaya famfo ce. Hawa da saukar fistin suna aiko mata bugun iska ta wani ƙaramin tiyo ko rami, tana kaɗawa tana jawo mai daga tanki, kuma a jikinta akwai 'yan harsuna biyu da ke buɗewa da rufewa. Ta ɗaya gefen ita ke auna mai. Idan injin ya zuƙa, sai ta lotsa ta danna wani ɗan ƙarfe mai sifirin a ƙarƙashi, ƙarfen ya ɗaga allura, mai ya shigo. Duk aikin ya dogara ga laushin fatar nan. Da ta zauna wata da watanni cikin mataccen mai, sai ta sandare. Ku riƙe ta tsakanin yatsu: lafiyayyiya shiru take kamar ƙyalle, matacciya tana ƙara kamar ledar biskit. Wasu suna jiƙa ta a mai ko man birki don ta yi laushi. Takan yi kwana biyu ta koma gidan jiya, kuma a tsakiyar daji za ta koma. A sayi sabbin fatu da gasket na lambar kaburetar, lambar tana bugge a jikinta. A ɗauki tsohuwar fatar a je kasuwar Dilimi ko wajen masu kayan inji a gwada ido da ido, don ramuka ɗaya ko biyu kan bambanta.

A gefen famfo akwai wani ɗan rariyar ƙarfe zagayayye, bai kai ƙwayar wake ba. A nan danƙo da garin katako suke taruwa. A ciro shi da bakin allura, a wanke, a ɗaga shi a haske a ga ramukansa. A cire allurar mai a duba bakinta na roba, in ya yi zobe a canza. A yi hattara da sifirin ɗin, in ya yi tsalle ya faɗa ƙasa sai dai haƙuri. Ɗan ƙarfen da ke ɗaga allura kada a lanƙwasa shi da gangan, tsayinsa a aune yake: in ya yi sama mai ya yi ambaliya, in ya yi ƙasa injin ya ji yunwa. Ramukan cikin kabureta da maganin feshi ake wanke su, bayan an cire duk wata roba. Kada a zura waya, tana faɗaɗa rami. Kada kuma a kai wa mai faci ya hura da iskar taya, domin akwai ɗan bawul mai laushi a bakin babban ramin mai, iska mai ƙarfi tana fasa shi, daga nan injin ba zai ƙara tsayawa a silo ba, wato ƙaramin gudun da yake yi in ba a danna totur ba, kuma wankin duniya ba zai gyara shi ba.

Wajen mayarwa ake yawan faɗuwa, har da masu gyara. A gefen famfo, fata ce ke fara kwanciya a jikin kabureta, gasket ya biyo, sai murfi. A gefen awo kuwa gasket ne a jiki, fata a kansa, sai murfi. Wanda ya juya su zai sami injin da ko dai ba ya jan mai, ko yana tsiyayar da shi. Ɗaukar hoto da waya kafin a kwance ya fi dogaro da ƙwaƙwalwa.

Akwai wata cuta da ba ta cikin takardun Turawa sosai amma mu mun san ta: zanzaro. Bakin salansa rami ne mai duhu da kwanciyar hankali, daidai abin da yake nema don gina ɗakinsa na laka. Injin zai tashi, ya tsaya a silo, amma da an danna totur sai ya yi gurnani ya ƙi hawa, ƙararsa a shaƙe. Kusoshi biyu ko uku ne ke riƙe salansa, a kwance a kakkaɓe. In akwai rariyar tare tartsatsi a ciki ta toshe da baƙin gawayi, a ƙona ta a goge da buroshin waya. Tunda an riga an cire salansa, a haska tocila ta ramin a juya injin a hankali a kalli fistin. Mai lafiya sumul yake da ɗan maiƙo. In an ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa, ko ringi ya manne a raminsa ba ya motsi in an taɓa shi, to maganar ta wuce kabureta.

In an yi duk wannan injin ya tashi, a saurare shi kafin a kai shi jikin itace. Wanda ba ya aiki sai da cok a rufe, har yanzu mai bai ishe shi ba. Wanda ke hayaƙi da yawa yana tofar da mai ta salansa, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko allura ba ta rufewa. Amma wanda nake tsoro shi ne mai hawa da kansa: silo ya yi sama, sarƙa tana gudu ba a taɓa totur ba, an saki totur ya daɗe bai sauko ba, ko a kwantar da shi a gefe ƙararsa ta canza. Wannan iska yake sha ta ɓarauniyar hanya, ko ta robar da ta haɗa kabureta da silinda, ko ta tiyon bugun iska, ko ta sil, robobin hana yoyo guda biyu da ke gefen karanshaf, waɗanda ke bushewa idan injin ya daɗe bai juya ba. Mai shi yakan yi murna, wai injin ya ƙara wuta. A injin nan man shafawa a cikin fetur yake tafiya, don haka ƙarancin fetur ƙarancin man shafawa ne, ga zafi ya ƙaru. Ƙaramin inji na zamani yana juyawa sau 12,000 zuwa 13,000 a minti, a irin wannan gudu minti kaɗan sun isa fistin ya narke ya kama silinda. A kashe shi nan take. Ana tabbatarwa ne da toshe bakin kabureta da na salansa, a hura iska kusan psi 7, a ga ko allurar ma'auni za ta tsaya, sannan a zuƙe a sake gani. Ruwan sabulu yana nuna inda kumfa ke fita.

Sai a ƙarshe sukudireba ta fito. Matatar iska a wanke take, injin ya yi ɗumi minti uku zuwa biyar, ƙarfen yanka da sarƙa da murfinsu duk a ɗaure, don kuloci yana iya kwancewa ya yi tsalle in babu su. A waje ake yi, ba a cikin shago a rufe ba, hayaƙinsa yana kisa. A yawancin tsofaffin injuna, ana murɗa L da H ciki a hankali har su taɓa, ba tare da matsawa ba, sannan a dawo da kowanne zagaye ɗaya. Wannan mafari ne kawai. Murɗawa ciki rage mai ne, waje ƙari. L ke kula da silo da karɓar totur: in an danna ya yi jinkiri kamar zai mutu, a buɗe shi kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a kowane taɓi. LA tsayin silo kawai yake saitawa, a sauke shi har sarƙa ta tsaya cak, wajen juyi 2,500 zuwa 2,800 a minti. H kuwa da kunne ake yinsa. A cikakken totur ba tare da itace ba, ana son a ji ɗan gargada a muryarsa, "brrr", wadda ke washewa da zarar sarƙa ta shiga itace. In ya yi siririyar ƙara mai tsini kamar kukan sauro, mai ya yi kaɗan, a buɗe H. Sababbin injuna masu hular roba a kan kusoshin an taƙaita juyinsu da gangan, masu M-Tronic ko AutoTune kuma kwamfuta ce ke saita su, babu abin murɗawa.

Ga abin da ya shafe mu mutanen Jos musamman. Garin nan yana kan tudu kusan mita 1,200 daga teku, iskarmu ta fi ta ƙasa sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin goma. Injin da aka saita a Abuja ko Lafiya, in ya hau nan, mai zai ɗan yi masa yawa, ya yi nauyi da hayaƙi, abin da ba ya kisa. Haɗarin yana wajen sauka. Injin da aka tsuke wa H ya yi daɗi wajen yankan itacen turare a Bukuru, in aka gangara da shi Shendam ko Akwanga inda iska ta fi kauri, wannan saitin ya zama yunwa. Shi ya sa nake tambayar duk wanda ya zo karɓar inji ina zai kai shi aiki. In ƙasa zai gangara, a buɗe H kamar kashi ɗaya cikin takwas, a sake saurara a can kafin a fara.

Man sarƙa ma yana shan wahalar ajiya. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda mutanenmu suka fi zubawa, yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cin famfon, kuma yana kwanciya ya toshe matatarsa. Man gyaɗa ko manja in sun daɗe suna daskarewa su zama danƙo. A nuna bakin ƙarfen yanka ga farin katako a ba shi wuta rabin minti, in layin mai bai fito ba a wanke tankin da kananzir, a share ramin man da kwarin da sarƙa ke bi. Masu birkin sarƙa kuma su duba ko a sake yake, don na sha ganin an kwance kabureta alhali birki ne a ɗaure.

Idan damuna ta sake kamawa za a ajiye, aikin minti goma ne. A juye fetur duka, a tayar da injin a bar shi a silo, ba a totur ba, har ya mutu da kansa. A cire sarƙa a shafe ta da mai a naɗe a leda, a ɗiga man 2T kaɗan a ramin fulogi a ja igiya sau uku a hankali, a mayar da fulogin. A cusa tsumma a bakin salansa saboda zanzaro, a ɗaura ɗan zare a hannun igiya don a tuna a cire tsumman, sannan a ɗora injin a kan katako ko a rataye shi, kada ya zauna a kan siminti.